Matakala Tara

Ka gan shi. Kada ka ce mini ba ka gan shi ba. Ranar Lahadi ka wuce ta gabansa da takalminka mai sheƙi, ka ɗaga hannu ka ce "sannu da aiki", ka haye matakalar majami'a biyu-biyu don kada a riga ka bencin da ke ƙarƙashin fanka. Ke ma kin gan shi. Har gefen zanenki ya shafi tayar kekensa, kika tsaya kika kakkaɓe. Shekara huɗu kuna wucewa, ba wanda ya taɓa tambayar kansa me mutum yake yi a gindin taga da littafin waƙa a cinya, tun daga addu'ar buɗewa har zuwa albarkar rufewa.

To, yau sai kun tsaya. Ga abin da ya faru a gidan magini.

*

"Ba zan aure shi ba, Mama. Ko da turaren duniya duka zai yi wanka, ba zan aure shi ba!"

Auta ke nan, ƙaramar 'yar gidan, nas a asibitin gari, shekararta ashirin da takwas. Ko farin kayan aikinta ba ta cire ba. Mama kuwa ba ta ɗaga kai daga teburin guga ba. Zanen zumuntar mata take gogewa, kuma da ganin yadda take danna dutsen gugar ka san ba zanen ne ya yi mata laifi ba.

"Rage murya, maƙwabta ba kurame ba ne," in ji Mama. "Yaro natsattse, shugaban mawaƙa guda. In ya ɗaga waƙa har tsikar jikin mutum tashi take. Uwarsa ta zo gidan nan sau uku da ƙafarta. Shi ma ya zo, da ƙafarsa."

"Na ji inda kika danna, Mama."

"To, ki ji da kyau."

Wanda Auta take so kowa ya san shi. Injiniya ake ce masa, mai gyaran rediyo da lasifika a bakin kasuwa. Shan inna ya taɓa ƙafafunsa tun yana ɗan shekara uku, a keken guragu yake yawo. Wata goma sha huɗu ke nan suna tare, kuma ya riga ya miƙa takardar neman aure ga ikkilisiya.

Mama ta ajiye dutsen gugar. Sai ga hawaye.

"Ni na haife ki, Auta. Kina zaton ƙinsa nake yi? Allah ya sani yaron kirki ne, shi ya tayar mini da rediyon nan bayan kowa ya ce ya mutu. Amma gyaran rediyo daban, aure daban. Ranar da naƙuda ta kama ki, wa zai tallafe ki? Ranar da ɗanki ya ruga titi, wa zai bi shi? Ni nake kwana da wannan tunanin, ke kina can kina murmushi da waya."

Auta ta durƙusa ta riƙe mata hannu.

"Mama, a asibiti nake aiki. Kullum ina karɓar mata masu naƙuda da maƙwabta suka kawo, mazansu masu ƙafa biyu lafiyayyu suna wajen kallon ƙwallo. Ranar da zazzaɓi ya kayar da ni, wa ya turo keke cikin ruwan sama ya kawo mini magani? Mai Turarenki waƙa ya turo mini ta waya."

"Waƙar ma ai addu'a ce."

"Ba ta sauke zazzaɓin ba."

Ana cikin haka Kawu ya yi sallama. Yayan Mama ne, kuma magatakardan ikkilisiya. Ba a taɓa ganinsa ba tare da babbar rajistar sujada a hammata ba, har yara suna cewa da ita yake matashin kai. Ya zauna, ya gyara tabarau, ya dubi su biyun.

"Ku daina ɓarnar hawaye, maganar ba ta ma kai nan ba. Sashe na bakwai na tsarinmu ya ce ba a shelar auren mutumin da bai cika shekara guda yana sa hannu a rajistar sujada ba. Na bi sunan da ya rubuta a takardarsa. Shekara huɗu babu hannunsa ko sau ɗaya. Kin san inda na tsince shi? A jerin waɗanda suka ja da baya. Lamba ta shida."

Auta ta miƙe tsaye.

"Kawu! Kowace Lahadi yana majami'a. Kai da bakinka kake gaishe shi!"

"Aiki yake zuwa yi. Lasifika da janareta. Zuwa aiki daban, zuwa sujada daban. Ni abin da littafi ya nuna nake bi."

"A ina teburin rajistar yake?"

"Inda ya saba. Bayan babbar ƙofa."

"A saman matakala tara."

"To, ni na gina ta?"

Ba wanda ya waiwaya, amma hankalin kowa ya tafi baranda, inda Baba yake zaune yana kankare busasshen siminti daga cokalin gininsa. Shi ya gina ta. Shekara huɗu da suka wuce, da aka rushe tsohuwar majami'a mai ƙofa daidai da ƙasa, kwamitin gini ya ce sabuwar sai ta hau sama yadda za a hango ta daga babban titi. Baba ya zuba matakala tara masu faɗi, ya goge su har suna ɗaukar ido. Hotonsu ne ma a bangon falon, sama da na bikin aurensa.

Ƙarar kankarar ta tsaya. Can sai ta ci gaba.

Kawu ya rufe rajista. "Jibi Lahadi, bayan sujada, kwamitin aure zai zauna. Ba mai yi miki dole, 'yata. Amma takardar nan, tun yanzu ina gaya miki, ba za ta wuce ba."

*

Washegari Auta ta faɗa shagon Injiniya ko sallama ba ta yi ba.

Ɗaki ɗaya ne, amma komai a cikinsa an auna shi da tsayin keke. Kanta ƙasa-ƙasa, ƙofa ba dakali, kwalaben ƙusoshi jere inda hannu zai kai. Warin dalma ya cika wurin. Yana sunkuye kan cikin wani rediyo, da sukundireba a baki.

"Ka san kana cikin jerin waɗanda suka ja da baya?"

Ya cire sukundirebar. "Sannu da zuwa, Nas. Lamba ta shida. Da ta takwas nake, biyu suka rasu na matso."

"Ka sani?"

"Yaya ba zan sani ba? Lahadin farko na kowane wata Kawunki yake karanta jerin a yi mana addu'a. Da lasifikar da na ɗaura da hannuna nake ji. Ke ba ki san sunana na takarda ba sai bana, shi ya sa bai taɓa dukan kunnenki ba."

"Kai kuma sai ka ce me?"

"Amin mana. Addu'a ce, ba zagi ba."

Auta ta dafe kai da hannu biyu ta zauna a kan wata tsohuwar talabijin.

"Wayyo ni! Shekara huɗu ana roƙon Allah ya dawo da kai, kana zaune taku goma daga bakin mai roƙon, kana amsa amin? Bakinka ciwo yake?"

"Na yi magana. Sau biyu." Ya ajiye aikin, ya juyo da keken ya fuskance ta. "Na farko na rubuta wa kwamitin gini a yi ɗan gangare a gefe. Suka ce zai ɓata fuskar ginin, amma za a duba. Na biyu suka turo samari huɗu su ɗauke ni da keken. A matakala ta biyar ɗaya ya zame. Ban faɗi ba, amma rigata ta yaye, takalmina ya gangara ƙasa, mata suna salati, yara suna dariya. Na ce wa kaina ni ba buhun siminti ba ne. Sai na samu inuwa a gindin taga kusa da ɗakin janareta. Ana jin komai daga nan, Nas. Har iska ta fi ta ciki."

Kafin ta amsa, wani ƙamshi ya turo kai cikin shagon. Turaren ne ya fara shigowa, sannan mai shi. Shugaban mawaƙa, da farar riga da baƙin tabarau, riƙe da makirufo kamar jariri.

"A'a, Sista! Ashe kina nan. Don Allah ki gaya masa abin nan yana shaƙe mini murya, gobe kuma ina da waƙar kaɗaici."

"Ga shi a gabanka. Kunnensa ƙalau."

Mai Turare ya sunkuya ya ɗaga murya, yana rarrabe kalmomi kamar mai magana da ɗan yaye. "Ɗan'uwa! Muna sa ka a addu'a fa!"

"Ina ji," in ji Injiniya. Ya kwance gindin makirufon, ya leƙa, ya juya wani abu, ya miƙa masa. "Batir ka sa a juye."

Mai Turare ya yi tari, ya gyara kwala. "Sista, mota tana waje, in gida za ki."

"Ban gaji ba."

Ya fita. Ƙamshin ya yi minti biyar kafin ya bi shi.

Auta ba ta yi dariya ba. Kuka ne ya ƙwace mata.

"Haƙurin nan naka shi zai raba mu. Ina faɗa da Mama, ina faɗa da Kawu, na koma kamar mahaukaciya a gidanmu, kai kana nan kana yabon iska! Gobe za su jefar da takardarmu. Ka buɗe baki, don girman Allah!"

"In na buɗe, kunyar a kan wa za ta sauka?" Ya yi maganar a hankali. "Wa ya gina matakalar? In tsaya gaban jama'a in ce aikin da mutum ya fi alfahari da shi a duniya shi ya kore ni daga ɗakin Ubangiji, sannan in ce ya ba ni 'yarsa? Ina son ki, Nas, har ban san yadda zan faɗa ba. Amma ba zan shiga gidanku ta kan fuskar mahaifinki ba."

Ta share ido. A kan kanta, bayan kafaɗarsa, ta ga littattafan rubutu takwas ɗaure da roba.

"Waɗancan fa?"

"Wa'azi ne. Tunda ba na ganin fuskar Fasto, sai in rubuta abin da ya ce, kada hankalina ya bi motocin titi."

Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta ɗauki jakarta.

"Gobe ka zo da su duka."

"Me za ki yi?"

"Ban sani ba tukuna. Amma ni ba zan ce amin ba."

*

Lahadi, ƙarfe tara saura. Jama'a suna ta hawa. Auta ta zo gindin matakalar, ta dube ta, ta juya. Ta jawo wata kujerar roba daga ɗakin janareta ta dasa kusa da keken Injiniya.

Ba a yi minti uku ba sai ga Mama ta sauko da saurinta, tana magana ta cikin haƙora.

"Tashi ki shiga. Matan zumunta duk suna leƙowa. So kike ki kashe ni da raina?"

"A nan zan yi sujada, Mama. An ce iska ta fi ta ciki."

"Ina kwana, Mama," in ji Injiniya, ya sunkuyar da kai.

"Lafiya lau, ɗana, ya aiki?" Ta amsa kafin ta tuna fushi take. Ta harari Auta, ta koma sama tana huci.

Aka yi waƙa. Mai Turare ya ja tasa har sai da gilashin taga ya amsa. Da ya gama ya fito ta ƙofar gefe ya shige motarsa ya kwantar da kujera, wai yana hutar da murya. Haka yake yi kowane mako. Daga gindin taga ne kawai ake ganin wannan.

Sai muryar Kawu ta fito daga lasifikar da ke bisa kansu.

"Yau Lahadin farko. Bari mu tuna da 'yan'uwanmu da suka ja da baya, Ubangiji ya taɓa zukatansu."

Ya karanta suna na farko. Ya karanta na biyu. Auta ta ɗago kai. Ta san sunan nan. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa da take zuwa asibiti duk ranar Talata. Na huɗu, tsohon direban da ɓarin jikinsa ya shanye, ita take auna masa jini. Na biyar, makahon tela.

"Na shida..."

Kawu ya faɗi sunan. Injiniya ya buɗe baki zai ce amin.

Auta ta haye kan kujerar roba, ta tura kanta ta taga, ta ƙwala da duk ƙarfinta:

"YANA NAN!"

*

Ba ka taɓa jin majami'a mai mutum ɗari huɗu ta yi shiru irin wannan ba. Har fankoki sai da aka ji kukansu.

Baba Fasto ne ya fara fitowa. Tsoho ne, shekara uku ke nan da aka kawo shi ikkilisiyar, wato a saman matakalar ya same su. Ya sauko ɗaya bayan ɗaya, da sanda, yana cije leɓe a kowace. Jama'a suka biyo shi suka cika matakala tara, suna kallon ƙasa kamar yau aka halicci gindin tagar.

"Wa yake nan?" in ji Fasto.

"Lamba ta shida, Baba," in ji Auta. Ba ta sauka daga kujerar ba.

Fasto ya dubi Injiniya, ya dubi littafin waƙar da ke cinyarsa. "Kai ne mai gyara mana lasifika. Kai ne kuma mai sunan nan?"

"Ni ne, Baba."

"Ɗana, yaushe ka ja da baya?"

Injiniya ya hango Baba magini a can sama, a bayan mutane. Ya sauke kai. Auta ta dube shi da jajayen idanu.

"Ban ja ba, Baba. Majami'ar ce ta hau sama ta bar ni."

Kawu ya kutso da rajista a ƙirji. "Ranka ya daɗe, a bi tsari. Ba mu da shaidar cewa sujada yake yi. Zama kusa da gini ba shi ne jin wa'azi ba."

"Gaskiyarka," in ji Fasto. "Kai da kake bencin gaba, a kan me na yi wa'azi makon jiya?"

Kawu ya gyara tabarau. Ya dubi sama. "A kan... a kan Ubangiji."

Wata mata ta tuntsire da dariya, ta toshe baki da gyale.

"Ina shugaban mawaƙa? Ko shi zai tuna mana."

Aka nuna mota. Gilashi a rufe, ƙafa ɗaya a kan sitiyari. Uwarsa ta ja ɗankwali ta rufe rabin fuska.

Auta ta sauko, ta zaro littattafan takwas daga jakar keken ta ɗora a hannun Fasto. Ya buɗe na sama. Kowane shafi da kwanan wata, da aya, da kan magana, da abin da aka ce, cikin ƙananan haruffa masu tsabta irin na mai zanen waya. Ya buɗe wani. Ya buɗe wani.

"Har tarin da na yi ka rubuta?"

"A'a, Baba, nan wuta ce ta ɗauke na je na tayar da janareta." Injiniya ya ɗan yi murmushi. "Labarin mutum huɗun nan da suka huda rufi suka zura abokinsu a gaban Yesu, sau uku ka yi mana shi. Na biyun ya fi ratsa ni."

Fasto bai yi dariya ba.

"Sau uku," ya ce. "Sau uku ina yabon masu huda rufi, da mutum a gindin tagata."

Ya juya ga Kawu. "Buɗe baya. Nemo mini ranar da ya sa hannu na ƙarshe."

Kawu ya lashi yatsa ya yi ta juya shafi. Ya samu. Ya karanta kwanan watan, muryarsa ta ragu a tsakiya. Kowa a wurin ya san ranar. Lahadin ƙarshe ce a tsohuwar majami'a.

"Duba ta biyu ma, Kawu," in ji Auta. "Gwiwarta ba ta lanƙwasuwa, ni nake ɗaure mata. Duba na huɗu, ɓarin jikinsa ya shanye. Na biyar ba ya gani, ga matakalar ba abin dafawa. Duba su duka. Mutum goma sha ɗaya ne a jerin nan, bakwai a asibiti nake ganinsu, kuma ba wanda ya daina tambayata labarin majami'a. Wata arba'in da takwas muna roƙon Allah ya taɓa zukatansu. Zukatansu lafiya lau. Gwiwoyinsu ne!"

Kawu ya duba. Bai ƙara cewa a bi tsari ba.

"A sauko da teburin nan," in ji Fasto.

Masu tsaron ƙofa biyu suka kinkimo teburin rajista suka dire shi a ƙasa, kan tsakuwa. Fasto ya miƙa wa Injiniya biro da hannunsa. Ya sa hannu.

"Na yau ke nan," Kawu ya ce a sanyaye. "Amma na baya fa? Sa hannu a ranar da ta wuce ba ya cikin..."

Fasto ya ce, "Ga littattafai takwas, kowanne da kwanan wata. Ka zauna ka cike. A gefe ka rubuta cewa laifinmu ne. Kwamitin aure duk kuna nan? Akwai mai ja?"

Ba wanda ya motsa. Auta ta fara sakin numfashi.

"Ni ban yarda ba."

Daga sama muryar ta fito. Mutane suka dare. Baba magini ne, wanda tun ranar Juma'a ba a ji kalma daga bakinsa ba. Ya sauko a hankali, yana kallon kowace matakala kamar yana ƙirga 'ya'yansa.

"Baba..." in ji Auta. Hawaye suka zubo.

Bai dube ta ba. Ya tsaya gaban keken.

"Ba za a yi shelar auren 'yata ango yana gindin taga ba. Ni na zuba matakalar nan. Da ƙafata na auna ta, na hau na sauka na ce ta yi. Ban auna ta da ƙafar kowa ba." Ya sa hannu a aljihu ya zaro tef ɗin awo, wanda ko majami'a ba ya zuwa ba tare da shi ba. Ya durƙusa a kan tsakuwa da kayansa na Lahadi, ya ja tef daga taya zuwa taya. "A ba ni kwana goma. Lahadin sama ta gaba, a ciki zai ji sunansa."

"Amma fuskar ginin..." in ji shugaban kwamitin gini.

"Fuskar ta daɗe da ɓaci. Mu ne ba mu duba ba."

Injiniya ya kama hannun Baba da hannu biyu. "Ku gafarce ni, Baba. Ban so a yi haka a gaban mutane ba."

"Da ka faɗa mini tun shekara huɗu, da tuni simintin ya bushe," in ji Baba. "Haƙuri ma in ya yi yawa ɓata wa magini aiki yake. Ɗaga hannunka, kana tare mini awo."

*

Litinin da safe, tun kafin Auta ta tafi aiki, aka ji guduma tana sauka a gefen hagu na matakalar. Baro uku, yashi, tsakuwa. Kawu yana zaune a inuwar ɗakin janareta da littattafai takwas da rajista, yana cikewa yana tsaki, ba a san ko da wa yake ba. Baba Fasto kuwa ya karɓi jerin ya shiga gari da sandarsa, gida bakwai zai je.

A gida, Auta ta fito da jakarta ta tarar da Mama a ƙofar falo. Ta cire ɗankwali ta miƙe shi daga wannan katako zuwa wancan, tana ƙunƙuni.

"Mama, me kike yi?"

"Ni fa ban ce na yarda ba."

"Ban ce kin ce ba."

"Tambaya kawai nake. Keken nan nasa, zai wuce ta nan, ko sai an cire ƙyauren?" Ta ɗaura ɗankwalin a karkace. "In Babanku ya dawo ki ce masa dakalin ƙofar nan ma ya isa fasawa. Ba zan sa suruki ya gaishe ni daga tsakar gida ba, mutane su ce ban san ya kamata ba. Me kike wa dariya? Wuce ki tafi aiki!"

*

Saura kai.

Na san me kake shirin yi. Za ka ce "Allah sarki", ka rufe shafin nan, ka juya kwanciya. Kada ka soma. Lahadi mai zuwa, kafin ka ɗaga ƙafa, tsaya a ƙasa ka ƙirga matakalar majami'arku. Ka leƙa gindin kowace taga. Ka je wurin magatakarda ka karɓi sunayen waɗanda aka ce sun daina zuwa, ka bi su gida-gida ka tambaye su dalili, da bakinka, ba ta lasifika ba. Kada ka kafa kwamiti. Kada ka ce za a duba. Nemo magini, ka sa tef a aljihu, ka je ka auna ƙofar nan da ƙafar wanda ba kai ba.